Maganin Kashe Ƙwayoyi Wanda Ba A Ɗauraye Shi

'Yan'uwa manoma, sau da yawa in mun ziyarci ƙungiyoyi, mata sukan kawo mana kuka iri ɗaya. Sun jiƙa gero, sun niƙa, sun dama kunun zaƙi, sun ɗura cikin gorunan roba da safe. Kafin la'asar kunu ya yi tsami, gora ta kumbura, mai saye ya dawo da shi. Sukan ce, "Ai mun wanke gorunan sarai da sabulu." Gaskiya ne sun wanke. Amma wanki daban, kashe ƙwayoyi daban, kuma ruwan ɗauraya na ƙarshe yakan rushe dukan aikin.

Cikin mutanen da suke lura da wannan al'amari akwai masu dafa giya a gidajensu a Amurka da Ingila. Ba nufinmu ne mu koya wa kowa yin giya ba. Kowa ya san koyarwar ekklesiyarsa a kan wannan. Amma yadda suke tsabtace kayan aikinsu ilimi ne da zai amfani mai kunu, da mai zoɓo, da mai madara.

Abin da ke ɓata abin sha

A cikin ruwa, da ƙura, da hannunmu, akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Wasu suna kawo cuta, wasu suna sa abinci ya yi tsami, wasu kuma, kamar yisti, suna yi mana aiki. Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya buga littafi a kan giya a 1876, inda ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyi ne ke lalata ta, ba iska ko rashin sa'a ba. Duk abin sha mai zaƙi abinci ne a gare su. In sun sami ɗumi, ƙwaya ɗaya takan rabu biyu cikin ƙasa da sa'a guda, biyun su zama huɗu, haka har su cika tukunya.

Yadda masu giyar gida suke yi

A Ingila an soke neman lasisi don dafa giya a gida a 1963. A Amurka Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta shi a 1978, ta fara aiki a 1979. Daga nan mutane da yawa suka shiga yi a ɗakin girkinsu, yawanci lita 19 a dahuwa ɗaya.

Sukan jiƙa tsiron sha'ir cikin ruwan zafi, su tace ruwan zaƙin, su tafasa shi kamar sa'a guda. Tafasa tana kashe ƙwayoyi, saboda haka babu damuwa a kan tukunyar dahuwa in dai an wanke ta. Hatsarin yana zuwa bayan an sauke. Dole ruwan ya huce zuwa wajen digiri 20 kafin a zuba yisti, sa'an nan ya zauna a rufe mako ɗaya ko biyu. A wannan lokaci duk ƙwayar da ta shiga daga bokiti, ko ludayi, ko mazurari, ko kwalba, za ta yi gasa da yistin. Wata za ta sa tsami irin na nono, wata ta mai da giyar ruwan tsami. Aikin makonni ya tafi a banza. Don haka dokarsu ita ce: duk abin da zai taɓa ruwan bayan an tafasa shi, sai an kashe ƙwayoyin jikinsa tukuna.

Wanki da kashe ƙwayoyi

Aikin hawa biyu ne. Na fari shi ne wanki: sabulu, da ruwa, da soso, har a fid da maiƙo da dattin da ya manne, a ɗauraye sabulun sarai. Na biyu shi ne a jiƙa kayan cikin magani mai kashe ƙwayoyin da suka rage. Ba a tsallake na fari. Magani ba ya ratsa datti. In akwai busasshiyar gasara a gindin gora, ƙwayoyi suna ɓoye ƙarƙashinta lafiya lau, kuma dattin yakan cinye ƙarfin maganin.

Me ya sa ba a ɗauraye shi?

Ga dalili. In mun jiƙa gora cikin magani, ta fito da tsabta. In muka ɗauko ruwan rijiya ko na randa muka ɗauraye ta, mun mayar da ƙwayoyin da ke cikin ruwan nan. In muka share ta da tsumma, abin ya fi muni. Abin da ya taɓa gora daga ƙarshe, shi ne ke nuna tsabtarta. Saboda haka aka yi magunguna waɗanda, in an gauraya su daidai gwargwado, suna da ƙarfin kashe ƙwayoyi, amma ɗan abin da ya rage a jikin gora ba ya cutar mutum. A tsiyaye kawai, a yi amfani da ita.

Maganar "daidai gwargwado" ita ce kan al'amarin. In magani ya yi kaɗan, ba ya kashe komai. In ya yi yawa, ba shi cikin waɗanda ba a ɗaurayewa kuma. Ya zama abin cutarwa.

Magunguna iri uku

Na ɗaya shi ne mai asid. Wanda aka fi sani a Amurka sunansa Star San, an yi shi da asid na fosforik haɗe da wani sinadari mai kumfa. Ana zuba mililita 30, wato babban cokali biyu, cikin lita 19 na ruwa. Kayan su jiƙu minti biyu. Yana yin kumfa da yawa, sababbin masu aiki sukan tsorata su ɗauraye ta, amma kumfar ba ta ɓata abin sha. Tsaminsa ne ƙarfinsa. Ruwa mai gishiri-gishiri ko mai kanwa yakan rage masa ƙarfi. Kada a bar shi ya daɗe cikin tukunyar alminiyam ko bokitin kwano, gama yana cin su.

Na biyu shi ne mai aidin, wanda ake kira Iodophor. Masu tatsar shanu da masu sarrafa madara sun daɗe suna aiki da shi. Ana gauraya shi har ƙarfin aidin ya zama kashi 12.5 cikin miliyan, ruwan ya yi kama da shayi marar kauri. Kayan su jiƙu minti biyu, a tsiyaye. In launin ya kuɗe, ƙarfinsa ya ƙare, sai a haɗa sabo. Yakan rina roba, amma wannan ba laifi ba ne. Ƙarfinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a bi abin da aka rubuta a jikin kwalba. A lura, ba shi ne aidin da ake shafa wa rauni ba.

Na uku shi ne bilic, wato ruwan kulorin da muke wanke farin tufafi da shi. Masu giya ba su cika sonsa ba, domin ko ɗan kaɗan ya haɗu da giya sai ta yi wari kamar ɗakin magani, kuma yana cin ƙarfe in ya daɗe a kansa. Amma shi ne muke samu a kasuwanninmu, kuma yana kashe ƙwayoyi sosai. A Amurka an yarda a tsabtace kayan abinci da shi ba tare da ɗauraya ba, muddin ƙarfinsa bai wuce kashi 200 cikin miliyan ba, an kuma tsiyaye kayan sarai.

Yadda za mu yi da gorunanmu

1. A duba jikin kwalbar bilic. A sayi wanda aka rubuta 3.5%, marar turare.
2. A wanke goruna, da murafunsu, da mazurari, da ludayi, da rariya, da sabulu. A ɗauraye sabulun.
3. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na bilic, wato mililita 5, cikin kowace lita ɗaya ta ruwa mai tsabta marar zafi. Wannan bai kai iyakar nan ta 200 ba. Bokiti mai lita 10 zai ci ƙaramin cokali goma. A auna, kada a kimanta da ido.
4. A nutsar da kayan minti biyu, ruwan ya taɓa ko'ina, ciki da baki da murfi.
5. A kife su a kan abu mai tsabta inda ba ƙura, su tsiyaye su bushe har warin ya tafi. Kada a share da tsumma.
6. In ana sauri, warin kuwa bai tafi ba, a ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce a rufe. Ban da wannan, babu wani ruwa.
7. A wanke hannu kafin a ɗura, a rufe nan da nan. A haɗa sabon ruwan magani kowace rana.

Gora mai tsagewa ko wadda cikinta ya kakkarce, a yar da ita, gama ƙwayoyi suna zama cikin karcen. Gorar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man fetur, babu wankin da zai mai da ita ta abinci.

Gargaɗi biyu. Kada a taɓa haɗa bilic da magani mai asid, ko ruwan tsami, ko wani maganin wanki. Yana fid da iska mai guba wadda ke ƙona huhu. Kuma waɗannan magunguna na kayan aiki ne, ba a zuba su cikin kunu ko madara. A ajiye su inda yara ba za su kai ba.

Tukunyar ƙasa da ƙwarya fa?

Waɗannan magunguna sun fi aiki a kan roba, da kwalba, da ƙarfe mai santsi. Tukunyar ƙasa, da ƙwarya, da muciya suna da ƙananan ƙofofi masu shan ruwa. Magani ba ya kai ga ƙwayoyin da ke ciki, wari kuma yakan zauna. Su sai a wanke, a zuba musu tafasasshen ruwa, a kife a rana. Akwai kuma inda ake son ƙwayoyin da gangan. Mai nono takan zuba ɗan tsohon nono cikin sabuwar madara domin ta kama. Masu burukutu a ƙasarmu da masu pito a arewacin Gana su ma sun dogara ga yistin da ya rage daga dahuwar baya. Abin da ake tsarewa shi ne ƙwayar da ba a gayyace ta ba.

Kada kuma mu zaci tsabtar gora za ta sa kunu ya yi mako. Kunun zaƙi yana da nasa ƙwayoyin tun daga kwanan da ya yi, zafi kuma yana hanzarta su. Gora mai tsabta tana hana ƙarin ƙwayoyi, musamman masu kawo gudawa, tana kuma jinkirta tsami. Har yanzu sai a dama gwargwadon abin da za a sayar a ranar, a ajiye shi a inuwa ko cikin sanyi.

Muna ba kowace ƙungiya shawara ta gwada da kanta. A raba kunun tukunya ɗaya kashi biyu: rabi cikin gorunan da aka wanke kamar kullum, rabi cikin waɗanda aka jiƙa a magani aka tsiyaye. A ajiye su wuri ɗaya, a ɗanɗana da rana, a kuma ɗanɗana da yamma. Magatakarda ya rubuta abin da aka gani, a kawo shi taro na gaba mu tattauna.