Lauyan Bakin Iyaka da Kasuwar Illela Take Jira

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Illela ranar Lahadi, ya ga shanu da raƙuman da aka koro daga Nijar, da buhunan wake da albasa, da 'yan canji suna juya naira da sefa, ya kuma ji yadda ake ƙulla cinikin miliyoyi a gaban dillali da kalmar "na sallama" kawai, lalle zai zaci babu abin da ya haɗa wannan wuri da lauya. Muddin amana tana nan, haka abin yake. Amma ran da kaya suka lalace a hanya, ko wanda ake bi bashi ya tsallaka Ƙonni ta Nijar ya ƙi dawowa, sai mas'ala ta taso wadda ta fi ƙarfin dattawan kasuwa: dokar wace ƙasa za a bi, kuma a gaban wane alƙali?

Tazarar da ke tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, ko da yake ba ta kai tafiyar rabin sa'a a mota ba, ta raba tafarkin shari'a biyu. Nijeriya ta gaji ƙa'idojin tijara daga Ingila, alhali kuwa Nijar tana cikin ƙasashe 17 masu bin dokokin OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993, wadda babbar kotunta take Abijan, makarantarta ta horar da alƙalai da lauyoyi kuma take Porto-Novo. Su kuwa fatake, abin da zukatansu suka natsu da shi shi ne hukuncin da malamai suka karantar daga Risala da Muhtasar a babin ciniki, inda fuƙaha'un Malikiyya suka daɗe da warware sharuɗɗan ƙirali da salam da mayar da haja saboda aibi. Lauyan da ya jahilci ɗaya daga cikin ukun nan, rabin husumar kaɗai yake gani.

Bayan wannan ga alkawuran gwamnatoci. Tun 1979 ECOWAS ta yafe kuɗin fito a kan amfanin gona da dabbobin yankin, sannan Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar cinikin Afirka ta AfCFTA a Yamai cikin Yulin 2019. Wata guda bayan haka ta rufe iyakokinta, ba a buɗe Illela ba sai Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, daga bisani Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma ba ta fice daga AfCFTA ba. Wannan ɗan bambanci, wanda mai motar albasa ba zai taɓa ji a bakin jami'in kwastan ba, yana iya zama hujjarsa.

Abin takaici a ganina shi ne, horon da ake yi kan wannan fanni galibi a Legas da Abuja ake yinsa, domin masu hulɗa da tashar jiragen ruwa da manyan kamfanoni. Ya kamata sashen shari'a na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ƙungiyar lauyoyi reshen Sakkwato su ɗauke shi tamkar farali na kifaya, su riƙa shirya darussa ga lauyoyin da ke bakin aiki kan takardar shaidar asalin kaya, da jadawalin kuɗin fito, da rubuta sharaɗin sulhu a cikin yarjejeniya, tare da Faransanci gwargwadon karanta hukuncin kotun Tawa ta Nijar. Darasin farko ma ba sai an nemo shi daga nesa ba: a tambayi ɗalibi wa zai ɗauki hasarar albasar da ta ruɓe a bakin iyaka a 2023, mai sayarwa ne, ko mai saye, ko mai mota, sannan ya kawo amsa a kan kowane tafarki daga cikin ukun.