Horon Malaman Ba da Shawara a Makarantu

Tun a shekarar 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tanadi cewa a naɗa malaman ba da shawara a makarantun gaba da firamare, saboda an lura yara da yawa ba su san sana'ar da ta dace da su ba, wasu kuma suna fama da damuwar da ke hana su karatu. A Amurka masanin halayyar ɗalibai yana ɗaukar wani ɓangare na irin wannan aiki. A Nijeriya kuwa malamin ba da shawara ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin.

Mutane da dama suna zaton nasiha ce kawai, wadda kowane dattijon malami zai iya yi. Ba haka abin yake ba. Yaron da ya kasa karatu, wataƙila kunnensa ne ba ya ji sosai, wataƙila yunwa ce, wataƙila kuma wani tashin hankali ya gani wanda ya kasa faɗa wa kowa. Rarrabe waɗannan sai wanda aka horar. Jama'ar Yola da Jimeta sun ga misalin haka a shekarar 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kama Mubi, dubban mutane suka gudo, aka tsugunar da wasu a sansanonin Malkohi da Damare, wasu kuma a gidajen 'yan'uwa. Yaran da suka shiga aji daga cikinsu, akwai masu firgita da ƙarar ƙofa, akwai waɗanda suka daina magana. Bulala ba ta maganin wannan.

Mai son wannan aiki lalle ne ya fara da digiri na farko. Wanda ya sami takardar NCE a Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Yola, wadda aka kafa a 1974, ya riga ya ɗanɗana ilmin halayyar yara, amma sai ya ƙara da digiri. Wanda digirinsa ba na fannin ilmi ba ne, sai ya yi difilomar koyarwa ta bayan digiri tukuna. Daga nan ya nemi digiri na biyu a fannin ba da shawara, ko kuwa a ilmin halayyar ɗalibai. Jami'ar Maiduguri da ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano duk suna ba da wannan horo. Malamin da ba zai iya barin aikinsa ba, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da cibiya a Yola. Akan nemi digiri mai daraja ta biyu, da kiredit biyar har da Turanci, da takardar gama bautar ƙasa.

Karatun yakan ɗauki kamar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Ana koyon yadda hankalin yaro ke girma, da yadda ake gwada basira da sha'awar ɗalibi, da dabarun tattaunawa, kana a rubuta kundin bincike. Sai dai ginshiƙin horon shi ne aikin gwaji, watau ɗalibi ya zauna a wata makaranta yana sauraron yara na gaske, malaminsa yana duba aikinsa. A nan ake koyon riƙe sirri, domin yarinyar da ta ji maganarta a ɗakin malamai ba za ta sake dawowa ba. A nan kuma ake koyon sanin iyaka: ciwon da ya fi ƙarfin shawara, asibiti ake tura shi.

Wanda yake jin Fulatanci da Hausa ya fi sauƙin shiga zuciyar yaro a Adamawa, da ta iyayensa. Mata kuma ana bukatarsu ƙwarai, don akwai abin da budurwa ba za ta faɗa wa namiji ba. Wanda ya gama horo zai yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, sa'an nan ya shiga Ƙungiyar Masu Ba da Shawara ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1976.