Zaɓen Rukuni Ya Zama Rabin Ciniki Ga Masu Buga Littattafan Lambu Da Kansu

Tun daga tsakiyar shekarar 2023, kamfanin Amazon na ƙasar Amurka ya taƙaita yawan rukunonin da marubuci zai iya sanya littafinsa a ciki zuwa guda 3 kacal. Kafin wannan lokaci, marubuci kan zaɓi guda 2, sa'an nan ya rubuta wa kamfanin takardar neman ƙari har su kai 10. Wannan canji ya shafi duk masu buga littattafansu da kansu ta kafar Kindle Direct Publishing, wadda aka buɗe a shekarar 2007, amma ya fi taɓa masu rubutu a kan aikin lambu, domin fanni ne mai rassa da yawa, kuma masu sayensa ba bukatarsu ɗaya ba.

Ga ɗan kasuwar da ya saba da Kano, batun ba baƙo ba ne. Mai atamfa Kantin Kwari yake nufa, mai hatsi Dawanau, mai kayan gwari kuma 'Yan Kaba. Wanda ya kasa tumatir a layin 'yan atamfa zai wuni bai yi ciniki ba, ko da kuwa kayansa sun fi na kowa kyau. To, rukuni shi ne layin kasuwa a shagunan littattafai na intanet, inda babu yaron shago da zai nuna wa mai saye hanya.

Asalin wannan tsari daga masu harkar littattafai na Amurka ya fito. Wata ƙungiya mai suna Book Industry Study Group ce ke kula da jerin rukunonin da ake kira BISAC, kuma tana sabunta shi kowace shekara. Kowane rukuni yana da lamba mai haruffa 3 da alƙaluma 6. Na aikin lambu duk da GAR suke farawa: GAR000000 shi ne na gama-gari, GAR025000 kuma na kayan miya da ganyaye. Akwai reshen shuka a tukwane, da na itatuwan marmari, da na shukar cikin ɗaki, da na noma ba tare da takin zamani ba, har da rassan da aka ware bisa yanayin ƙasa, watau na hamada da na ƙasashe masu zafi da masu matsakaicin yanayi. Kamfanoni irin su IngramSpark da Draft2Digital da wannan jeri suke aiki. Shi kuwa Amazon, tun canjin 2023 rukunonin shagonsa yake nuna wa marubuci kai tsaye. A Turai kuma akwai tsarin Thema, wanda aka ƙaddamar a shekarar 2013, mai ba da damar a bayyana yankin duniyar da littafi ya shafa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rugawa zuwa rukunin gama-gari, da tunanin cewa can ne jama'a suka fi taruwa. Gaskiya ne akwai jama'a, amma can ne kuma manyan kamfanonin ɗab'i suka kafa rumfunansu da littattafan da suka shekara ana saye. Amazon kan fitar da jerin littattafai 100 da suka fi ciniki a kowane rukuni, bisa la'akari da cinikin baya-bayan nan, kuma sabon littafi da wuya ya leƙa wannan jeri a babban rukuni. A ƙaramin reshe kuwa, kamar na shuka a tukwane, ciniki kaɗan yana iya kai littafi shafin farko, inda idon mai saye zai faɗa masa. Bugu da ƙari, littafin da ke ƙaramin reshe yana ƙarƙashin babban rukunin da reshen ya fito, saboda haka ɓarnar gurbi ce a zaɓi uwa da ɗiya tare.

Sai dai kuma wannan dabara tana da iyaka. Wasu marubuta kan jefa littafinsu a wani lungun da bai shafe shi ba, don kawai su sami tambarin wanda ya fi kowa ciniki. Tambarin yana da daɗin gani, amma ba ya sayen takarda. Wanda ya shiga reshen furannin cikin ɗaki ya tarar da littafin renon albasa, ko dai ya wuce, ko kuma ya saya bisa kuskure ya rubuta ƙorafi a ƙarƙashin littafin, ƙorafin da duk mai zuwa zai karanta. Kamfanin ma ya tanadar wa kansa ikon cire littafi daga rukunin da bai dace ba.

Marubutan Nijeriya suna da tasu matsalar ta daban, musamman ganin cewa kafar OkadaBooks ta cikin gida ta rufe a ƙarshen shekarar 2023, abin da ya rage musu wuraren baje koli. Abin da Bahaushe yake nufi da lambu, watau noman rani na tumatir da tattasai da albasa a fadama domin sayarwa, ba shi ne abin da Ba'amurke yake nema a rukunin lambu ba. Shi galibi ɗan filin bayan gidansa yake son gyarawa don sha'awa ko don cefanen iyali. Littafin da ke bayani a kan injin ban-ruwa da lissafin kwanduna da kai kaya kasuwa, gurbinsa yana reshen aikin gona, wanda a tsarin BISAC yake ƙarƙashin fasaha da injiniyanci. Wanda kuwa ke koya wa matar aure shuka alayyahu da zogale a buhu ko a tsakar gida, shi ne na rukunin lambu, kuma reshen ƙasashe masu zafi ya fi dacewa da shi. Masu lambu a Amurka da taswirar shiyyoyin sanyi 13 ta Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasarsu suke auna lokacin shuka, don haka littafin da aka gina a kan damina da rani zai ruɗa su muddin ba a bayyana yankinsa ba tun daga bango.

Abin da rukuni bai iya ɗauka ba, ana iya zuba shi a gurabe 7 na kalmomin nema da Amazon ke bayarwa. Nan ne wurin sunayen tsirrai da na yankuna, da irin kalmomin da mai saye zai buga da kansa. Maimaita sunan rukuni a cikinsu asara ce.

Har ila yau, kowane nau'in bugu da nasa zaɓin, domin rassan littafin takarda ba su zo daidai da na Kindle ba. Zaɓin kuma ba na dindindin ba ne. Marubucin da ya ga watanni sun shige babu motsi yana iya duba inda littattafai masu kama da nasa suke zaune, ya sauya rukuni ba tare da biyan ko kwabo ba, kuma kamfanin kan ɗauki har sa'o'i 72 kafin gyaran ya bayyana a shago.