Farautar Kurege a Harabar Gida: Lokacin Kisa da Lokacin Ƙyalewa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ƙa'idojin da mutanen Amurka da na Turai suke bi kafin su yanke hukunci a kan kuregen da ya shigo musu harabar gida, wato ko su kashe shi ko su ƙyale shi. Kuregen da ake nufi a nan ya bambanta da wanda Bahaushe ya sani, mai zama a rami yana tonon gyaɗa a gona. Wannan a bisa itatuwa yake sheƙa, launinsa toka-toka, nauyinsa kimanin rabin kilo, kuma asalinsa daga gabashin Amurka ta Arewa ne. Abin da za a nuna shi ne, haushi ko tausayi kaɗai ba su isa a yi hukunci da su ba, sai an dubi lokaci da irin dabbar da kuma wurin da take.

Tarihin Gabar

A zamanin da Turawa suka fara sare dazuzzukan Amurka suna shuka masara, kurege ya zame musu annoba. Pehr Kalm, wani masanin tsirrai da ya ziyarci ƙasar, ya ba da labarin cewa a 1749 hukumar Pensilbaniya ta sa ladan taro, wato kwabo uku, a kan kowane kurege, har sai da ta biya fam 8,000 a shekara guda. In aka yi lissafi, kurege 640,000 ke nan aka hallaka. Haka kuma a 1807 majalisar jihar Ohayo ta wajabta wa kowane namiji mai biyan haraji ya kawo fatun kan kurege tsakanin 10 zuwa 100 tare da harajinsa.

Kisan da ya yi yawa, ga kuma ƙarancin itatuwa, ya sa dabbar ta ɓace daga manyan birane. Daga baya sai ra'ayi ya juya, har aka riƙa kawo ta da gangan ana saki a wuraren shaƙatawa, kamar yadda aka yi a Filadelfiya a 1847. Saboda haka yawancin kuregen da ke yawo a unguwannin birane a yau, mutum ne ya buɗe masa ƙofa da hannunsa.

Dalilan Kisa

Haƙoran gaba na kurege ba sa daina tsiro muddin yana raye, don haka dole ya yi ta gwaguyar abu mai tauri. Yakan huda katakon rufi ya yi sheƙa tsakanin silin da kwano, ya ci rigar wayar lantarki, abin da kan iya jawo gobara. A 1987, da kuma 1994, kurege ya katse wuta har kasuwar hannun jari ta Nasdaq ta tsaya na wani ɗan lokaci. Bayan wannan, a karkarar Amurka namansa abinci ne tun kaka da kakanni, kuma da shi ake fara koya wa yara farauta. Mai gidan da ya ɗauki bindiga yana da hujjarsa, sai dai hujjar tana da iyakoki guda uku.

Iyaka ta Farko: Lokaci

Macen kurege takan haihu har sau biyu a shekara, na farko wajen Fabrairu zuwa Maris, na biyu wajen Yuli zuwa Agusta. Cikinta yana ɗaukar kwana 44 ko kusa da haka, kuma takan haifi 'ya'ya biyu zuwa huɗu, tsirara, idanu a rufe. Ba a yaye su sai sun kai kimanin mako goma. Ashe ke nan wanda ya harbe uwa a wannan tsakani ya kashe har da 'ya'yanta, su kuwa da yunwa za su mutu a cikin sheƙa, wani lokaci ma a cikin rufin gidansa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa jihohi irin su Ohayo da Pensilbaniya ba sa buɗe farautar kurege sai a watan Satumba, kuma ba su yarda maharbi ya wuce guda shida a rana ba. Bugu da ƙari, garuruwa da yawa sun hana harba bindiga a cikin unguwa, domin harsashin da aka auna bisa itace ba a san inda zai faɗi ba.

Iyaka ta Biyu: Irin Dabbar

Ba kowane kurege ne yake da yawan da zai jure farauta ba. Alal misali, akwai wani babban iri da ake samu a zirin Delmarba, tsakanin jihohin Marilan da Delawa da Birjiniya. Sare dazuzzuka da farauta suka rage shi har ya saura a kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasar da yake zaune a da. A 1967 aka sa shi cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, daga bisani aka hana harbinsa. Sai a 2015, bayan shekara 48, aka cire shi daga jerin domin ya farfaɗo. Maharbin da bai iya bambanta irin da ke gabansa ba, abin da ya fi masa shi ne ya sauke bindiga, domin abin da aka ɓata cikin ƙiftawar ido kan ɗauki rabin ƙarni kafin ya gyaru.

Iyaka ta Uku: Wuri

A dazuzzukan Amurka kurege mai amfani ne, domin yakan binne 'ya'yan itatuwa nan da can don tanadin hunturu, waɗanda bai tono ba kuwa sai su tsiro. Amma da aka kai shi Ingila a 1876 don ado, sai ya zama baƙo mai korar ɗan gida. Ya fi jan kuregen ƙasar girma da cin abinci, kuma yana ɗauke da wata cuta mai kama da agana, wadda ba ta cika yi masa lahani ba amma tana kashe jan. Shi ya sa dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta wa wanda ya kama shi a tarko ya sake shi.

Labarin Italiya ya fi wannan ban takaici. A 1948 aka saki guda huɗu kusa da birnin Turin. A 1997 masana suka fara gwajin kawar da su tun ba su bazu ba, sai ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi suka kai ƙara, aikin ya tsaya. Kafin kotun ɗaukaka ƙara ta wanke jami'an a 2000, dabbar ta riga ta bazu fiye da yadda za a iya shawo kanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tausayin da aka nuna wa baƙon kurege, jan kuregen ƙasar ne ya biya diyyarsa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa dabba guda tana iya cancantar ƙyalewa a Ohayo cikin watan Maris, alhali doka ba ta yarda a sake ta a Ingila ba ko da wane wata ne. Ko kama kurege a kai shi nesa a sake, wanda mutane ke ɗauka jinƙai ne, sau da yawa ajali ne gare shi, domin ya rabu da tanadinsa da maɓoyarsa. Abin da ya fi dacewa ga mai gida shi ne ya fara da rigakafi: ya datse rassan da suka taɓa rufi, ya kau da abincin da ke jawo dabbar, ya toshe ramuka bayan ya tabbata babu 'ya'ya a ciki. In kisan ya zama dole, to a yi shi a lokacin da doka ta yarda, a gaggauta shi ba tare da azabtarwa ba, sa'an nan a ci naman kada ya tafi a banza.