Gaiwa a Hunturu

Da watan Disamba ya kama a ƙasar Mahuta, an gama kai masara da dawa rumbu, auduga ta kama hanyar Funtuwa, sai hunturu ya sauko da hazonsa. A nan ne masunta ke fara ƙorafi. Mai fatsa zai zauna a bakin dam ɗin Mairuwa ko na Gwaigwaye tun asuba, yatsu sun ƙandare, ƙugiya na cikin ruwa da tana a jikinta, amma ko motsi. Kifin yana nan bai ƙare ba. Shi kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa, zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jininsa. Ruwa na yin sanyi, cikinsa zai rage narka abinci, kwaɗayi ya bar shi. Karfasa ta fi kowa raki: da ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 take fara juya wa abinci baya. Tarwada kuwa sai ta lafe a ƙasa cikin taɓo. Shi ya sa tsofaffin masunta ba sa sammako a wannan lokaci, sai hantsi ya ɗaga, rana ta ɗumama gefen ruwa, sannan su jefa birgi a hankali, don ruwan rani garau yake, kuma kifi na ganinka mai jar koma.

A Turai da ƙasar Sin akwai wani kifi da ake kira kaf, wanda ke cinye lokacin sanyinsu kwance a ƙarƙashin ƙanƙara, masunta na bin sa da haƙuri. An kawo irinsa gonar kifi ta Panyam a Filato cikin shekarun 1950, amma bai zama ɗan gida a ruwayenmu ba. Mu namu gwanin haƙurin daban ne, kuma a ganina ya fi nasu ban mamaki, domin shi ruwan ma gaba ɗaya yake rabuwa da shi.

Gaiwa ke nan. Doguwa ce, mai santsi, tana iya kai tsawon mita guda. A inda sauran kifaye ke da fiffike, ita wasu siraran igiyoyi huɗu gare ta, da su take jan jiki a ƙasan ruwa. Tana da huhu biyu, kuma dole ta riƙa leƙowa sama tana shaƙar iska. In ka danne ta cikin ruwa ka hana ta fitowa, mutuwa za ta yi. Danginta shida ne kacal suka rage a duniya, huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostireliya, kuma masana sun ce zuriyarsu ta kai shekara miliyan 400 a bayan ƙasa.

Yayin da iskar hunturu ta fara shanye kududdufai da fadamu, sauran kifaye kan taru a ɗan ruwan da ya rage, balbela da yara su yi ta shagali. Ita gaiwa ba ta jiran wannan rana. Tun laka na da danshi take kafa kai, tana gutsurar ta da baki tana fitarwa ta kafofin gefen kanta, har ta haƙa wa kanta rami. Can ciki sai ta naɗe, wutsiya ta rufe fuska, jikinta ya fitar da yauƙi ya bushe ya zama wani siririn kube da ke hana ta ƙafewa. Ɗan ƙaramin huji kawai take bari daidai bakinta don numfashi. Haka za ta zauna wata bakwai ko takwas, bugun zuciya ya ragu, ba ci ba sha. An taɓa ajiye ta a ɗakin bincike ta haura shekara uku a haka, da aka zuba mata ruwa ta farka.

To me take ci? Hausawa sun riga masana ba da amsa: gaiwa jikinta take ci. Naman jikinta, musamman na wajen wutsiya, shi take narkawa kaɗan kaɗan. Shi ya sa in ɗan kasuwa ya fara cin uwar kuɗi, ko magidanci ya shiga sayar da kayan ɗaki don cefane, sai a ce ya zama gaiwa. Maganar ta dace, amma ina ganin ba a yi wa gaiwa adalci da aka mai da ita abin misalin tsiya kaɗai ba. Duk manomin da ya taɓa kai iyalinsa watan Agusta da ɗan abin da ya rage a gindin rumbu, bai roƙi kowa ba, ya san darajar irin wannan zama.

Masu neman ta ba sa zuwa da koma, fartanya suke ɗauka. Su bi busasshiyar fadama suna duban ɗan hujin nan, in sun gani su haƙa. An ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A nan har kifin ma na ƙasa. Sai dai a yi hattara da bakinta, domin haƙoran da ke fasa ƙwanson dodon koɗi ba za su ji tausayin yatsa ba. Akwai masu ƙyamarta saboda kamarta da maciji, akwai kuma waɗanda ba su haɗa bandarta da ta kowane kifi ba.

Abin da ke damuna shi ne fadamun kansu. Noman rani ya bunƙasa a wannan yanki, tumatir da albasa da rake, kuma alheri ne babba. Amma garma na tone makwancin gaiwa, maganin feshi na gangarawa cikin kududdufi, ga kuma masu zuba guba a ruwa don su kwashi kifi a rana ɗaya. Da damina ta faɗi, gaiwar da ta tsira ce ke fitowa ta yi ƙwai, namijin ya haƙa gurbi cikin ciyawa ya tsare su, yana kaɗa wutsiya don ruwa ya riƙa sabunta, har 'ya'yan su yi wayo. Wadda aka haƙe a Janairu ba za ta yi wannan ba. Sarkin Ruwa na da ikon hana su a wani gurbi har sai lokaci ya yi, kuma masu unguwanni na iya ware gefen fadama ɗaya a ce bana ba a haƙa a nan, ba a feshi.