Suna Ɗaya, Magani Biyu: Sunayen Magungunan Mata a Hausar Kwoi da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Garin Kwoi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, gari ne na al'ummar Ham, waɗanda harshensu na gado shi ne Hyam. Amma Hausa ta daɗe da zama harshen kasuwa da majami'a da asibiti a yankin, tun zuwan mishan na SIM garin a 1910, da isowar jirgin ƙasa Kafancan a shekarun 1920, da kuma buga Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Saboda haka idan mace ta tsaya gaban mai saiwoyi, ko gaban ungozomar asibiti wadda ba ƙabilarsu ɗaya ba, galibi da Hausa za ta faɗi abin da ke damunta, da Hausa kuma za a faɗa mata magani. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wasu daga cikin waɗannan sunaye suna ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya, kuma a inda Hausa take harshe na biyu, wannan harshen damo yana iya taɓa lafiyar mai ciki da mai jego.

2.0 Furuci

Abin da ya fi saurin jan kunnen Bahaushen Kano ko Sakkwato a Kwoi shi ne yadda masu magana da yawa ba su bambanta /k/ da /ƙ/, ko /d/ da /ɗ/. A bakinsu kanwa da ƙanwa sukan zo ɗaya, haka ma zaƙi da zaki. Wannan bai cika jawo wata ɓarna ba, domin babu wanda zai ji an ce a dama wa mai jego kunun kanwa ya zaci ƙanwarta ake nufi. Matsalar tana cikin ma'ana.

3.0 Citta

Ƙasar Jaba da Kaciya da Kagarko su ne cibiyar noman citta a Nijeriya. Daga nan ake kai ta kasuwannin Zariya da Kano, inda take shiga yajin jego tare da kanumfari da masoro da kimba da barkono. Da cutar fangas ta afka wa gonakin yankin a daminar 2023, farashin citta ya tashi a faɗin ƙasar, har ya kai ga turmin da ake daka wa mai jego yaji.

Sai dai kalmar citta a Hausa tsiro biyu take nufi. Akwai citta mai yatsu, watau Zingiber officinale, wadda ake noma a Kwoi, wadda kuma tsofaffin ƙamusoshi suka kira cittar Aho, suna danganta ta da mutanen Afo na ƙasar Nasarawa. Akwai kuma citta mai ƙwaya, watau Aframomum melegueta, wadda ake kawowa daga kurmi. Dalziel ya bambanta su tun a littafinsa na sunayen tsirrai na 1916. Bahaushiyar da ta tashi cikin harshen takan san wadda ake nufi daga yanayin maganar, ko ta tambaya, "Wace cittar?" Wadda ta koyi Hausa a kasuwa kuwa, mai yiwuwa ne ma'ana ɗaya kawai ta sani.

Bambancin ba ƙarami ba ne ga mai juna biyu. Gwaje-gwajen asibiti a ƙasashe da dama sun nuna cewa kimanin giram 1 na citta mai yatsu a yini yana rage tashin zuciya na laulayi. Citta mai ƙwaya kuwa, wani gwaji da aka yi a kan ɓeraye a Jami'ar Ambrose Alli ta Ekpoma, aka buga a 2009, ya nuna cewa yawanta yana iya zubar da ƙaramin ciki. Ɓera dai ba mutum ba ne, amma wannan ya isa dalilin da zai sa duk takardar wayar da kai da aka rubuta da Hausa ta riƙa kawo cikakken sunan, ta daina tsayawa a kan "citta" kurum.

4.0 Zaƙi da Sanyi

Sunayen cututtukan sun ma fi na tsirran sarƙaƙiya, domin kowannensu yana tafe da tunanin Bahaushe game da jiki. A maganin gargajiya, zaƙi wani abu ne da ake ganin yana taruwa a cikin mai ciki saboda shan kayan daɗi, ya toshe hanya, ya jawo doguwar naƙuda. Don haka ake ba ta jiƙe-jiƙe masu ɗaci ko bauri a watannin ƙarshe domin ta zubar da shi. Ma'aikacin lafiya ɗan Ham ko Bajju ko Atyap, wanda ya yi karatunsa da Turanci, idan ya ji "zaƙi" hankalinsa yana iya tafiya ga ciwon suga. Sai ya gwada jini, ya ce mata ba ta da shi, ita kuwa ta koma gida ta ci gaba da jiƙonta, kowa yana ganin ɗan'uwansa bai fahimta ba. Haɗarin shi ne, idan naƙuda ta yi tsawo aka ce zaƙi ne, sai a ƙara magani maimakon a nemi mota. A nazarin da Tahzib ya buga a 1983 kan mata 1,443 masu yoyon fitsari a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, kashi 83 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri. Ga gishiri ma, kalmar da ke nufin kayan miya da kuma cutar mata.

Sanyi ya fi kowace kalma faɗi. Yana nufin yanayi, yana nufin ciwon gaɓoɓi, yana nufin ƙaiƙayi da fitar farin ruwa, yana kuma nufin cutar da ake ɗauka ta saduwa. Kunya ce ta ba kalmar wannan faɗin, domin tana ba mace damar yin magana ba tare da ta ambaci abin da ba a ambata. Amma kwalbar da aka rubuta wa "maganin sanyi" ba ta faɗi wanne daga cikin huɗun take magani ba.

Tsoron sanyi ne kuma tushen wankan jego, inda ake tsoma ganyen tsamiya ko sabara ko dogon yaro a ruwan zafi ana fyaɗa wa jiki safe da yamma har kwana 40. A nan matsalar juyawa take yi, sunaye da yawa ga itace ɗaya: dogon yaron da aka sani a Kwoi shi ne darbejiya a Kano, bedi a Sakkwato, maina a wasu wurare.

5.0 Kanwa

Turancin Nijeriya yana kiran kanwa da sunan da ke nuna fotasiyam, alhali kuwa sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, irin sinadarin da ke cikin gishirin miya, wanda ake hana mai hawan jini. A shekarun 1970 Davidson da Parry sun danganta ciwon zuciyar masu jego da ya yawaita a Zariya da shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. An daɗe ana maimaita wannan a matsayin tabbataccen zance. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar nan, wanda aka buga a 2020, bai sami wannan alaƙa da ƙarfi ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin aikin yi, da hawan jinin ciki. Duk da haka, ga macen da likita ya ce ta rage gishiri, kanwa tana cikin abin da aka hana ta, ko da yake kalmar "gishiri" a kunnenta ba ta haɗa da kanwa ba. Kamata ya yi mai fassara ya ambaci su biyun da sunayensu, har da manda da ungurnu.