Tashar Anbariyya a Madina: Daga Masaukin Jirgin Alhazai Zuwa Gidan Tarihi

A kudu maso yammacin Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a unguwar Anbariyya, akwai wani dogon gini na baƙin dutse wanda motocin alhazai ke giftawa ta gabansa dare da rana. Wannan gini shi ne tashar ƙarshe ta layin dogon Hijaz, wanda ya taso daga birnin Dimashƙa na ƙasar Sham ya ratso hamada tsawon kilomita kusan 1,300, aka kuma yi bikin buɗe shi a ranar 1 ga Satumba, 1908. Shekarun da tashar ta yi tana karɓar jirage a kai a kai ba su wuce goma ba, yayin da shekarun da ta yi babu jirgi sun haura ɗari, kuma yau gidan adana kayan tarihi ce.

Mai aikin shi ne Sarkin Musulmin Santambul, Abdulhamid na Biyu, na Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda bai kamata a rikita ta da Daular Usmaniyya ta Sakkwato ba, domin sunan kawai suka haɗa. Kafin zuwan jirgi, ayarin Sham, wato babban ayarin mahajjata da ke tashi daga Dimashƙa kowace shekara, yakan yi kwana arba'in a kan raƙuma kafin ya iso Madina, yana fama da ƙishirwa da annobar kwalara da hare-haren wasu ƙabilun hamada, waɗanda daular ke biya kuɗi duk shekara don su bar ayarin ya wuce lafiya. Sauƙaƙa wannan wahala ita ce manufar da aka shelanta wa duniya a 1900, amma akwai ta biyu wadda ba a ɓoye ta sosai ba, wato samun hanyar kai sojoji Hijaz da Yaman ba tare da bi ta mashigin ruwan Suwes ba, wanda ke hannun Ingila. Masu ɗaukar aikin a matsayin ibada tsantsa da masu ɗaukarsa a matsayin siyasa tsantsa duk sun rage wani abu daga gaskiya, domin a wurin sarkin da ke riƙe da laƙabin halifa, hidimar Haramaini ita kanta ginshiƙin mulki ce.

Abin da ya bambanta wannan layi da sauran layukan daular shi ne yadda aka samo kuɗinsa. Yawancin hanyoyin jirgin ƙasa na Turkawa a wancan zamani kamfanonin Jamus da Faransa da Ingila ne suka shimfiɗa su da jarinsu, suna cin ribarsu, amma a wannan karon sai aka ƙi cin bashin Turai, aka buɗe asusun gudummawa ga Musulmin duniya. Sarkin da kansa ya fara zubawa, taimako ya zo daga Masar da Indiya da wasu ƙasashe, ana kuma ba masu bayarwa lambobin yabo gwargwadon abin da suka bayar. Gudummawar ba ta ɗauki nauyin aikin duka ba, sai da aka haɗa da yankan albashin ma'aikatan gwamnati da harajin kan sarki na musamman da kuɗin fatun layya. Daga baya aka ayyana layin a matsayin wakafi, wato dukiyar da aka tsayar don amfanin al'umma, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado.

An ɗora jagorancin aikin a kan wani injiniya Bajamushe, Heinrich Meissner, amma ƙarfin aikin dubban sojojin daular ne suka yi shi da diga da shebur. Layin ya isa Ma'an a 1904, Tabuka a 1906, Al-Ula a 1907, kuma daga nan zuwa Madina injiniyoyi da leburori Musulmi ne kaɗai suka ci gaba, saboda haramcin shigar wanda ba Musulmi ba cikin alfarmar birnin. An yi shi da ƙaramin faɗi, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafunan dogo biyu santimita 105 ce, wadda ta yi kusa ƙwarai da ta tsohon layin da ya iso Kano a 1911. Babbar matsalar ita ce ruwa, domin kan jirgi mai aiki da tururi yana shan ruwa mai yawa, don haka aka haƙa rijiyoyi, aka gina tankuna, aka kuma yi ƙananan tashoshin hamada da kauri da ƙananan tagogi yadda za su zama mafaka idan an kawo hari. Da aikin ya kammala, tafiyar kwana arba'in ta koma ta kwana huɗu zuwa biyar.

Ita tashar Madina an gina ta da baƙin dutsen da ke shimfiɗe a gabas da yammacin birnin, wanda Larabawa ke kira harra, wato daskararren dutsen da aman wuta ya bari. Fuskarta jerin bakan gizo ne, sannan a cikin harabarta akwai loko, wato rumfar da ake gyara kawunan jirage, da tankin ruwa da ɗakunan ajiya. Daura da ita sarkin ya gina Masallacin Anbariyya mai ƙubba da siraran hasumiyoyi biyu irin na Santambul, kuma a cikin katangar tashar akwai ƙaramin Masallacin Suƙya, wanda malaman tarihin Madina ke dangantawa da wurin da Manzon Allah ya duba rundunarsa a kan hanyar zuwa Badar. Ana yawan ba da labari, musamman a tsakanin Turkawa, cewa sarkin ya sa an shimfiɗa ulu a ƙarƙashin ƙarafunan dogo na kusa da birnin don kada ƙarar jirgi ta yi yawa a maƙwabtakar kabarin Annabi, kuma ko da labarin na baka ne, yana nuna matsayin da aikin ya samu a zukatan mutane.

Niyyar farko ita ce a kai layin Makka, amma sama da kilomita 400 da suka rage ba a taɓa shimfiɗa su ba a wancan zamani. Ƙabilar Harb, wadda abincinta ya dogara da hayar raƙuma da rakiyar alhazai, ta yi tsayin daka da makami, Sharif Husaini ɗan Ali, wanda aka naɗa Sarkin Makka a 1908, bai so jirgin da zai kawo masa sojan Santambul har ƙofar gida ba, sannan aka tuɓe Abdulhamid a 1909.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya karya layin. A 1916 Sharif Husaini ya yi wa Turkawa tawaye da goyon bayan Ingila, mayaƙansa tare da hafsoshin Ingila da Faransa, waɗanda T. E. Lawrence ya fi shahara a cikinsu, suka dinga dasa nakiya a ƙarƙashin dogo da gadoji. A Madina kuwa, kwamandan Turkawa Fakhri Pasha ya riƙe birnin da wannan siririn layi, ta cikinsa ya aika da kayan alfarma na ɗakin Annabi zuwa Santambul a 1917, inda suke a fadar Topkapi har yau, ta cikinsa kuma aka kwashe ɗimbin mazauna Madina zuwa Sham da sunan ƙarancin abinci, lamarin da zuriyarsu ke tunawa da sunan Safar Barlik. Da yawa sun mutu a can da yunwa da cuta. Ba a miƙa birnin ba sai a Janairun 1919, fiye da wata biyu bayan daular Turkawa ta ajiye makami.

Bayan yaƙi layin ya rabu tsakanin Siriya da ke hannun Faransa, da Falasɗinu da Jodan da ke hannun Ingila, da Hijaz, wadda ta koma hannun Sarki Abdul'aziz Al Sa'ud a 1925. Babu hukuma ɗaya da za ta ɗauki nauyin gyaransa, kuma yunƙurin da Saudiyya da Jodan da Siriya suka yi a shekarun 1960 ya tsaya bayan yaƙin 1967, a daidai lokacin da jirgin sama da motoci suka riga suka karɓe jigilar alhazai. Taragu da kawunan jirage suka yi shekaru suna tsatsa a harabar Anbariyya.

Mayar da tsohuwar tasha gidan tarihi ba sabon abu ba ne, domin tashar Orsay ta birnin Paris, wadda aka buɗe a 1900, ta zama gidan zane-zane a 1986, kuma dalilin a fili yake: tasha tana da manyan zauruka da dogon rufi, tana kuma tsakiyar gari. Amma a Madina lamarin ya fi haka nauyi, saboda faɗaɗa Masallacin Annabi da aka yi ta yi ya cinye ganuwar birnin da tsofaffin unguwanninsa, kamar yadda rushe tsohon sansanin Turkawa na Ajyad a Makka a 2002 ya jawo cacar baki tsakanin Turkiyya da Saudiyya. Ba wanda zai musanta buƙatar wurin sallah ga miliyoyin baƙi, sai dai birnin ya yi asarar shaidun tarihi da ba za su dawo ba, shi ya sa gyaran tashar da buɗe gidan tarihin layin dogo a cikinta a 2006 ya cancanci yabo. A loko an jera kawunan jirage da taragu da aka gyara, a babban ginin kuma an tsara tarihin Madina tun kafin Musulunci, da tsofaffin kuɗaɗe da rubuce-rubucen hannu da hotunan birnin na da. Wannan amfani ya dace da asalin wurin, tun da dukiyar da aka tara da gudummawar jama'a ta zauna a buɗe ga jama'a, ba ta koma otel ko kantuna ba. Abin da ya rage a kan masu kula da wurin shi ne labarin waɗanda aka ɗora a taragun nan aka raba su da gidajensu ya samu gurbi daidai da labarin alhazan da suka sauka a cikinsu suna murna.

Alhazan ƙasar Hausa na wancan zamani ba ta wannan layi suka saba zuwa ba, domin hanyarsu ta ratsa Borno da Chadi da Sudan ce zuwa Sawakin, su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Jikokinsu kuwa, waɗanda ake kai wa ziyara Ƙuba da Uhudu da Ƙiblataini, suna iya isa Anbariyya da ƙafa daga masaukansu, kuma wasunsu yanzu da jirgin ƙasa suke tafiya Makka. Layin Haramaini mai gudun kilomita 300 a awa, wanda aka buɗe a 2018, ya haɗa Madina da Makka ta Jidda a tsawon kilomita kusan 450, shekara 110 bayan tsayawar aikin Abdulhamid. An shimfiɗa shi da babban faɗi na santimita 143.5, an kuma gina masa sabuwar tasha a gabashin birnin, saboda haka babu alamar jirgi zai sake shiga Anbariyya. A 2015 Saudiyya ta sanya layin Hijaz a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, matakin da zai ɗora mata alhakin kula da ƙananan tashoshin hamada da gadojinsu kamar yadda ta kula da ta Madina.